Yadda ake shirya fitowa ta musamman ta gasar kacici-kacici a talabijin idan kamfani ya ɗauki nauyi

Shirin Who Wants to Be a Millionaire an fara shi ne a tashar ITV ta Ingila a 1998, ya shigo Najeriya a 2004, Frank Edoho na gabatarwa, kamfanin MTN na ɗaukar nauyi. Bayan fitowar mako-mako, masu shirin kan ware wata rana su yi fitowa ta musamman, wani lokaci ta yara, wani lokaci ta sanannun mutane da ke fafatawa don a ba mabuƙata kuɗin da suka ci. Da MTN ya janye a 2017 shirin ya tsaya, bai dawo da Frank Edoho ba sai a 2022. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin ƙarfin da mai ɗaukar nauyi yake da shi a wannan sana'a.

Wannan bayani an yi shi ne don furodusan da tasharsa ke da tsohon shirin gasa wanda jama'a suka saba da shi, sai ga wani kamfani yana son a yi masa fitowa guda ta musamman, ko ta goron Sallah, ko ta cikar kamfanin shekaru kaza, ko ta ranar yara. Aikin ya fi fitowar yau da kullum wuya, domin kuɗin sun fi yawa, idon jama'a ya fi yawa, kuma akwai baƙon da ke ganin tun da shi ya biya, komai nasa ne. Abin da kamfani ya saya shi ne sunansa a shirin da lokacin talla. Tambayoyi da wanda zai yi nasara ba sa cikin cinikin, kuma kusan duk matakan da ke tafe an tsara su ne don kare wannan iyaka.

Mataki na farko: tabbatar shirin naka ne

Idan tasharku ce ta ƙirƙiri shirin, sai ka nemi amincewar shugabanninka a rubuce ka wuce. Idan kuwa tsarin na waje ne da aka sayo lasisinsa, to akwai mai shi. Who Wants to Be a Millionaire, alal misali, yana hannun Sony Pictures Television, kuma mai lasisi ba ya da ikon sauya kiɗan shirin, ko yawan tambayoyi, ko launin dandamali, sai da izini. Fitowa ta musamman kusan kullum tana buƙatar wani sauyi, don haka ka rubuta musu tun kafin ka yi wa kamfani alkawarin komai. Wanda kuma ya kwafi tsarin wani shiri ba da lasisi ba, ya sani cewa ranar da babban kamfani ya manna sunansa a kai, ranar ce masu shi za su lura.

Mataki na biyu: me ya sa ta zama ta musamman

Ka iya faɗar dalilin a jimla ɗaya. Malaman firamare ne za su fafata, kyautar kuma ta tafi gyaran ajinsu. Ko 'yan fim ne za su zauna a kujerar, kowa da gidan marayun da yake wakilta. Ko uwa da 'yarta ne za su amsa tare. Idan abin da ya bambanta fitowar da sauran shi ne tambarin kamfani ya ƙara girma kawai, ba ka da fitowa ta musamman, doguwar talla ce ka shirya, kuma mai kallo zai gane kafin a je hutun farko.

Abu ɗaya ko biyu za ka sauya, ka bar sauran yadda aka san su. Mutane na son tsohon shiri ne saboda sun haddace shi: sun san kiɗan da ke tashi idan tambaya ta yi zafi, sun san maganar da mai gabatarwa zai yi kafin ya bayyana amsa. Kada ka taɓa waɗannan.

Mataki na uku: wane kamfani, kuma nawa

Ba kowane kuɗi ake karɓa ba. Shirin da iyali ke kallo tare da daren Sallah bai dace da kamfanin caca ko na giya ba, ko nawa suka zo da shi. Haka mai maganin da ke cewa yana warkar da kowace cuta, da kamfanin zuba jarin da ke alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. A shekarar zaɓe kuma ka yi hattara da gidauniyar ɗan siyasa, domin kyautar da za ta bayar kamfe ne a fakaice, kuma tashar ce za ta amsa tambayar NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Najeriya. Kamfanonin sadarwa, bankuna, masu madara da taliya da sabulu su ne suka saba da wannan fage. Gasar lissafi ta Cowbellpedia, ta masu madarar Cowbell, misali ce ta kamfanin da ya sa sunan hajarsa a sunan shiri, amma ya bar lissafi ya zama lissafi.

Wajen yanke farashi, ka raba kasafin gida uku, kada ka haɗa su a lamba ɗaya. Akwai kuɗin aiki: situdiyo, masu kyamara, fitilu, man janareta, abincin ma'aikata, motar kawo 'yan kallo, masaukin masu fafatawa da suka zo daga nesa, da tace hoto. Akwai kuɗin lokacin iska, wato abin da tashar ke karɓa don watsa shirin. Sannan akwai kuɗin kyauta. Wannan na ukun shi ne inda sababbin furodusoshi ke faɗawa rami, domin sukan lissafa abin da suke zaton za a ci, ba abin da za a iya ci ba. A ce babbar kyauta naira miliyan 5 ce, kuma mutum uku za su iya zama a kujerar kafin lokaci ya ƙare. To abin da ke wuyanka miliyan 15 ne, ko da kana ganin da wuya a kai can. Aroma Ufodike ya cinye naira miliyan 10 cif a shirin Frank Edoho a 2009. Ana ci, kuma ranar da aka ci dole kuɗin su kasance a ajiye.

Mataki na huɗu: yarjejeniya

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, kuma da lauya a gefenka. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka tun kafin ka karɓi ladan ka rubuta iyakar askin.

Dalilin tsananta wannan mataki yana cikin tarihin sana'ar. A Amurka, a shekarun 1950, kamfani ɗaya ne ke mallakar shiri sukutum. Kamfanin kayan kwalliya na Revlon ne ya ɗauki nauyin The $64,000 Question da aka fara a tashar CBS a 1955, kuma shugabanninsa na sa baki kan wanda suke so ya ci gaba da wanda suke so a fitar. Joyce Brothers, wata masaniyar halayyar ɗan Adam da ta zaɓi fannin damben zamani, ba ta kwanta musu ba, aka riƙa jefa mata tambayoyi masu tsauri don ta faɗi, ta ƙi faɗuwa har ta cinye dala 64,000. A shirin Twenty-One na tashar NBC ta can kuwa, wanda masu maganin Geritol suka ɗauki nauyi, abin ya wuce haka. Fitowar farko da aka yi da gaskiya ba ta yi armashi ba, kamfanin ya nuna ɓacin ransa, sai masu shirin suka koma ba wa masu fafatawa amsa a ɓoye suna koya musu yadda za su yi kamar suna tunani. A Disamba 1956 aka umarci Herb Stempel ya faɗi da gangan don Charles Van Doren ya hau, Van Doren kuma ya tara dala 129,000. Asiri ya tonu, Van Doren ya amsa laifinsa a gaban kwamitin majalisar dokoki a Nuwamba 1959, a 1960 kuma aka yi dokar da ta mai da maguɗin gasar talabijin laifi. Manyan shirye-shiryen kacici-kacici sun ɓace daga allon Amurka na tsawon shekaru, tashoshi kuma suka karɓe ikon shirye-shiryensu daga hannun kamfanoni.  Ƙorafin mai ɗaukar nauyi ne aka ji tsoro, aka biye masa taki ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka takardar ta faɗi abin da kamfani zai samu filla-filla: sau nawa mai gabatarwa zai ambaci sunansa, a ina tambarinsa zai bayyana, tallarsa daƙiƙa nawa ce kuma a wane hutu, ko wakilinsa zai miƙa kyauta, ko an hana tallar abokin gasarsa a cikin wannan sa'ar, da abin da zai iya yi da guntayen bidiyon a Facebook da YouTube da TikTok bayan an watsa. Sannan ta faɗi abin da ba zai samu ba, da kalmomin da ba sa ɗaukar fassara biyu: ba zai ga tambayoyi kafin ɗauka ba, ba zai zaɓi masu fafatawa ba, ma'aikatansa da iyalansu ba za su shiga ba, ba zai nemi a sake ɗaukar wani zagaye don sakamakon bai yi masa daɗi ba, kuma hukuncin ƙarshe na alƙalin shirin ne. Attajirin da ya ɗauki nauyin musabaƙar Alƙur'ani shi ke sayen mota da kekunan ɗinki, a yi masa godiya a bainar jama'a, amma ba ya zama a teburin alƙalai. Idan ka kawo wa manajan talla wannan misali, zai fahimta da wuri.

Sauran sharuɗɗan da ake mantawa: a biya kuɗin kyauta gaba ɗaya cikin wani asusu na dabam kafin ranar ɗauka, a biya aƙalla kaso mai tsoka na kuɗin aiki kafin a fara kafa dandamali, a rubuta wanda zai ɗauki harajin da ya hau kan kyauta, a kuma rubuta abin da zai faru idan tashar ta ɗage shirin saboda jawabin shugaban ƙasa ko wani babban rashi. Idan kyautar kaya ce, mota ko babur ko kujerar Umara, a faɗi irinta, da wanda zai biya rajista ko biza, da ranar miƙawa.

Mataki na biyar: hukumomi

A Najeriya duk talla sai ta bi ta hannun ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da ta maye gurbin APCON a 2022, kafin a sa ta a iska, kuma wannan aikin kamfanin ne ko wakilinsa na talla, amma kai ka nemi ganin takardar amincewar. Idan akwai garabasa ga masu kallo a gida, lauya ya binciko izinin da ake buƙata a jiharku. Lambobin waya da sunayen da za ku tara kuma suna ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kamfani zai so a miƙa masa su don ya riƙa tura saƙon talla. Ba a yin haka sai wanda ya ba da lambar ya amince a fili.

Akwai kuma batun da ya fi takarda nauyi a wurin masu kallonmu. Idan sai mutum ya biya kuɗi, ko ya tura saƙon tes mai tsada, kafin a jefa sunansa a ƙuri'a, malamai da yawa na ganin wannan caca ce, kuma jama'a za su guje shi. Shawarata ita ce shiga ta zama kyauta. Kamfanin ya riga ya biya, babu dalilin tatsar mai kallo.

Mataki na shida: tambayoyi

Ka ware mutum biyu ko uku su rubuta, wani dabam kuma wanda bai rubuta ba ya tantance. Kowace tambaya sai an tabbatar da amsarta daga majiya biyu masu zaman kansu, a rubuta majiyar a bayan katin, domin ranar da mai fafatawa ya yi gardama ba za a tsaya laluben intanet a gaban kyamara ba. A rubuta fiye da abin da ake buƙata, ninki biyu ko uku, a jera su bisa tsauri.

Tambaya mai kyau amsarta ɗaya ce tak, kuma ba ta sauyawa da lokaci. "Jihohi nawa ne a Najeriya?" tana da amsa yau, 36, amma idan kana nufin tarihi sai ka ɗaure ta da shekara, domin 12 ne a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991. "Wane kogi ya fi tsawo a duniya?" ka bar ta, masana na jayayya tsakanin Nilu da Amazon. Tambaya kan wanda ke riƙe da wata sarauta ko kujerar da ake shari'a a kanta ma ka bar ta. Karin magana na da daɗi a shirin Hausa, amma ka lura cewa ƙarashen da Bakano ya sani wani lokaci ya bambanta da na Basakkwace ko mutumin Damagaram, kuma duk suna da gaskiya. Haka sunayen tsirrai da na abinci. Idan za ka tambayi abin da ya shafi addini, malami ya duba, kuma a tsaya kan abin da babu saɓani a kansa.

Matakalar tambayoyin, wato jerinsu daga mai sauƙi zuwa mai tsauri, ta fara da abin da yaro a gida zai amsa da ihu, kamar jihar da ake bikin kamun kifi na Argungu, wato Kebbi. Tsakiya ta zama abin da mai karatu zai tuna idan ya nutsu, kamar shekarar da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939. Na ƙarshe su yi tsauri, amma tsaurin ilimi, ba na tarko ba. Amsoshin bogi da za a jera tare da ta gaskiya su zama masu kama da gaskiya, kuma kada ta gaskiyar ta riƙa faɗowa a gurbi ɗaya.

Kamfani zai roƙi a sa tambaya kan hajarsa. Kada ta shiga matakalar kuɗi. Idan dole ne, a yi mata wani ɗan zagaye na dabam, a faɗa a fili cewa wannan tambayar mai ɗaukar nauyi ce, a yi wa 'yan kallon situdiyo ita, kyautarta kuma katin waya ko kwalin kaya. Haka kowa ya san abin da yake kallo.

Tsaron tambayoyin kuwa: kwamfuta ɗaya wadda ba a haɗa ta da intanet ba, ba a turawa ta WhatsApp ko ga shugaban tasha, a buga a rufe a ambulan, a sa hannu a bakin rufin. Ranar ɗauka a sa wani wanda ba ma'aikaci ba ya zaɓi ambulan da za a buɗe a gaban shaidu. Mai gabatarwa ya ga tambayoyin sa'a ɗaya ko biyu kafin a fara don ya gyara furucin sunaye, a ɗakin da babu mai shiga, kuma daga nan ba ya keɓewa da mai fafatawa.

Mataki na bakwai: masu fafatawa

A sanar da sharuɗɗan shiga a iska da shafukan tashar, a yi gwajin rubutu, sannan a zauna da waɗanda suka haye a gaban kyamara na minti biyu-biyu. Kana neman mai ilimi wanda kuma zai iya magana, domin wanda ya san amsa amma ya ƙame kamar an dasa shi zai kashe maka shiri. Ka nemi mata da gangan, kada ka jira su zo da kansu, kuma ka tanadi wurin zaman wanda zai rako su. Yara sai da sa hannun iyaye, kuma kyautarsu ta fi kyau ta zama kuɗin makaranta ko asusu da sunansu. Kowa ya sa hannu a takardar da ta bayyana dokokin wasa, da izinin nuna fuskarsa, da alkawarin ba zai faɗi sakamako ba kafin a watsa. A karanta wa wanda ba ya karatun boko da Hausa, a gaban shaida. Ka ajiye mutum biyu na ko-ta-kwana.

Idan fitattun mutane ne ke wasa don sadaka, ka je da ƙafarka ka ga gidan marayun ko asibitin da aka ambata, ka karɓi lambar asusunsu daga hannun shugabanninsu. Kuɗin su tafi can kai tsaye.

Mataki na takwas: dandamali da jadawali

Tambarin kamfani ya bayyana a wurare biyu ko uku da kyamara ke yawan kamawa, kamar gaban teburin mai gabatarwa da allon baya. Fiye da haka ya zama kasuwa. Allon da tambaya ke fitowa a kai a bar shi fes, kuma a gwada ko ana iya karanta rubutun a ƙaramar waya, a tabbatar ƙ da ɗ da ɓ suna fita daidai, domin wasu na'urorin rubutun allo kan mai da su akwati. Launin kamfani na iya shiga fitilu, amma a gwada shi a fuskar mutum tukuna. Rawaya ko kore mai ƙarfi na ɓata fatar baƙin mutum a kyamara.

Ka tambayi tashar ainihin mintunan da za ka samu, domin shirin rabin sa'a ba minti 30 ba ne. A ce 25 suka ba ka. Minti ɗaya da rabi na buɗewa da gode wa mai ɗaukar nauyi, minti ɗaya na gabatar da mai fafatawa, sauran wasa, a ajiye minti biyu na miƙa kyauta da sallama. Jawabin wakilin kamfani daƙiƙa 40 ya isa, kuma a rubuta shi tun da wuri, in ba haka ba zai karanto maka tarihin kamfanin tun daga kafuwarsa. Hutun talla ya faɗo bayan mai fafatawa ya ba da amsa, kafin a bayyana ko ya ci. Wannan gurbin shi ne mafi tsada da kake da shi, domin ba mai tashi daga gaban talabijin, kuma shi ya kamata ka nuna wa kamfanin idan yana neman ƙarin abin da ba za ka iya ba shi ba.

Mataki na tara: gwaji da ranar ɗauka

Kwana ɗaya kafin ɗauka a yi cikakken gwaji da ma'aikata a matsayin masu fafatawa, da tambayoyin da ba za a yi amfani da su ba. A gwada maɓallan ƙararrawa, agogo, layin wayar da za a kira aboki idan shirin na da shi, da sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Duk na'urar da aka ce tana zaɓe ba tsari, a zauna a kalle ta da kyau. A 1984 wani mai suna Michael Larson ya haddace yadda fitilun allon shirin Press Your Luck ke zagayawa, ya kwashe dala 110,237, kuma dole CBS ta biya shi domin bai karya doka ba.

Ran ɗauka a karɓe wayoyin masu fafatawa da na 'yan kallo a bakin ƙofa. A zaunar da 'yan uwan mai wasa a bayansa, inda ba zai ga fuskarsu ba, a sa makirufo ɗaya yana naɗar sautin zauren gaba ɗaya. Da irin wannan naɗin aka kama Charles Ingram a shirin Who Wants to Be a Millionaire na Ingila, wanda ya amsa tambayar fam miliyan ɗaya a 2001 da taimakon tarin da wani ke yi daga cikin zauren, kotu ta same shi da laifi a 2003. Manyan baƙin kamfani a ba su kujerun gaba da ruwan sanyi, a girmama su, amma ɗakin sarrafa hoto ba wurinsu ba ne. A sa mutum ɗaya mai ladabi ya tsaya da su, duk abin da suke so su faɗa masa.

Alƙali ya zauna da katunan majiya a hannunsa. Idan gardama ta taso a tsayar da ɗauka, a yanke hukunci, a rubuta. Idan kuskuren na tambayar ne, a jefar da ita a ba mai fafatawa wata daga ambulan na ajiya, ba a cutar da shi. Ana iya sake ɗaukar gaisuwa ko tuntuɓen harshen mai gabatarwa, amma ba a sake ɗaukar amsa. A tsara lokaci yadda za a tsaya don salla da abinci, domin 'yan kallon da suka gaji ba sa tafi, kuma ana jin hakan a sauti.

Mataki na goma: tacewa, watsawa da biya

Edita na iya rage shiru da maimaici, amma ba ya sauya jerin abin da ya faru. A nuna wa kamfani sassan da sunansa da tambarinsa suka fito don ya tabbatar an cika alkawari, gyaransa kuma ya tsaya nan. A ajiye ɗanyen hoton dukkan kyamarori, ba a goge shi, ko da wani zai yi ƙorafi daga baya. Tallar shirin ta fara mako guda ko biyu kafin ranar, a rediyo ma, kuma kada guntun da za a saka ya tona wanda ya ci.

Babban cek ɗin kwali da ake ɗagawa a gaban kyamara ba kuɗi ba ne. A biya na gaskiya cikin kwanakin da aka rubuta a takarda, a karɓi sa hannun wanda ya ci, a ɗauki hoton miƙa mota ko babur da takardunsu. Wanda aka ja wa rai wata shida yana zarya zai faɗa wa duk garinsu, kuma sunan shirin da na kamfanin ne za su sha kunya tare.

Cikin mako biyu da watsawa ka kai wa kamfanin rahoto: kwafin shirin, takardar shaidar watsawa daga tashar mai nuna rana da lokaci, lissafin sau nawa aka ambace su, adadin kallo da sharhi a shafukan intanet kamar yadda suke ba ƙari, da rasit na biyan kyaututtuka. Abin da ya rage a asusun kyauta a mayar musu, ko a rubuta cewa an ajiye shi don fitowa ta gaba idan sun amince. A wannan zaman ne ake buɗe maganar ta baɗi, don haka ka tafi da ranar da kake so da kasafinta a rubuce.